Fentin bamba na ɓarewa da an kai mota Maiduguri: laifin rana ne ko na mai fenti?

Duk wanda ya daɗe a Legas ko Badun ko Fatakwal ya san wannan saƙon daga gida: "Don Allah in ka samu 'yar Corolla mai lafiya ka duba mana." Mutanen gida gani suke tunda kana kusa da tashar jirgin ruwa, ai mota a hannunka take. Sai ka bar sana'arka ka yi kwana da kwanaki kana zarya tsakanin Berger da Apapa, har ka dace da wata tana sheƙi kamar yau ta fito daga kamfani. Ka biya, ka ba direba ya kama hanya. Ta wuce Ilori, ta haye gadar Jebba, ta ratsa Potiskum da Damaturu, tafiyar sama da kilomita 1,500, ta shiga Maiduguri lafiya. A yi murna, a sa maka albarka.

Bayan wata uku ko huɗu sai waya ta shigo. Yaya ne ko kawu: "Wai motar nan da ka saya mana, ka duba ta kuwa? Ga bamba nan tana saɓa kamar maciji." Kai ma ka san inda maganar ta dosa. Abin da bai fito fili ya faɗa ba shi ne, ko dai mai haɗari aka saya aka shafe, aka ci rarar kuɗin? Zumunci da yawa ya yi tsami a kan irin wannan.

To bari mu warware abin daki-daki: me ke sa fentin bamba ya ɓare, me ya sa sai an kai Maiduguri yake nunawa, yaya ake gyara shi ya zauna, kuma me mai saye a nan Kudu zai duba kafin ya miƙa kuɗi.

Bamba roba ce, ba ƙarfe ba

Nan ne tushen maganar. Manyanmu da suka tuƙa Peugeot 504 sun san bambar ƙarfe mai walƙiya. Motocin yanzu kuwa, abin da muke kira bamba murfin roba ne kawai, ƙarfen da ke tare bugu yana ɓoye a bayansa. In aka kwance ta ka leƙa ta ciki za ka ga an buga wasu haruffa a jikin robar, galibi >PP< ko >PP+EPDM<. Sunan irin robar ke nan, danginsu ɗaya da ta bokiti da kujerar roba.

Wannan roba tana da hali biyu da ke wahalar da mai fenti. Na farko, santsi gare ta kamar an shafa mata kakin zuma, fenti ba ya kama ta haka kawai. Duk wanda ya taɓa rubuta suna da fenti a jikin bokitin roba ya ga yadda farce ke kankare shi. Shi ya sa a kamfani sai an yi wa fuskar robar aiki na musamman, an kuma fesa mata wani siririn ruwa mai sa fenti ya manne, kafin a kawo maganar kala. Na biyu, tana motsi. Tana lanƙwasa in an taɓa ta, tana buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi, kuma buɗewar tata ta ninka ta ƙarfe sau huɗu ko fiye. Fentin da ya bushe ya ƙage kamar tangaran ba zai iya bin ta ba, sai ya tsage.

Fentin mota kuma hawa-hawa ne. Akwai faraima a ƙasa, sai kala a tsakiya, sai kiliya a sama, wato ruwan nan garai-garai mai ba da sheƙi. Kiliya ita ce laimar sauran, ita ke tare hasken rana. Kowane hawa yana riƙe ne da na ƙasansa, don haka in na ƙasa bai kama ba, duk kyan na sama banza ne.

Me ya sa sai a Maiduguri?

Yawancin motocin Tokumbo da ke sauka a Legas daga Amurka suke, kuma da dama daga cikinsu a gwanjon kamfanonin inshora aka saye su, irin su Copart da IAA, bayan sun yi haɗari ƙarami ko babba. Bamba ce ke fara karɓar bugu, saboda haka ita aka fi canzawa. A je Ladipo a samo wata, ko ta Beljiyam ko sabuwa ta kwali, a kai gareji a fesa cikin yini ɗaya don motar ta hau layin sayarwa. In aikin na gaggawa ne, ba a wanke robar yadda ya kamata ba, ba a goge ta ba, ba a sa ruwan mannewa ba. Ga laimar Legas, musamman da damina, ga kwamfuresa mai tofo ruwa tare da iska. Ranar da aka gama kam, sai ka rantse fentin kamfani ne.

A Legas irin wannan aiki yana iya ɗaukar lokaci bai tona kansa ba, don sau da yawa akwai hadari da lumshi a sama, zafin ma bai cika tsananta ba. Maiduguri daban ce. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, jikin baƙar mota da ke tsaye a rana kuwa yana iya wuce 70. Da hunturu, a Disamba da Janairu, dare kan sauko ƙasa da digiri 15, da rana kuma ya sake hawa. Kullum robar tana buɗewa tana tsukewa a ƙarƙashin fentin da tun asali bai riƙe ta ba. Sama tarwai take mafi yawan shekara, hasken rana na cin kiliya ba hutu. Ga ƙurar hunturu, wadda in aka sa busasshen tsumma aka goge ta, daidai take da a goga wa mota sanfefa kowace safiya.

Sannan ga cunkoso. Tun da aka hana babura a Maiduguri a 2011, Keke Napep ya cika gari. Wanda ya taɓa bi ta Kasuwar Monday ko Post Office ko Baga Road da yamma ya san kusurwar bamba ba ta rabuwa da gogayya. Ɗan ƙwarzanen da ba ka kula da shi ba, ta nan iska da ruwa ke samun ƙofar shiga ƙarƙashin fenti.

Sai kuma ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Kwastam da Kasuwar Monday har fadar Shehu. Motoci da yawa sun yi kwanaki a nutse. Ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin fenti yakan taso da ƙuraje-ƙuraje daga baya, su fashe su bar tabo. In motar gidanku tana cikin waɗanda ruwan ya ci, kada a tsaya ga fenti kawai. A kwance bambar, a wanke laka, a duba ƙarfen da ke bayanta ko ya yi tsatsa, a duba wayoyin fitilun ƙasa.

Ka ga ke nan rana ba ta ƙarya. Abin da aka binne ranar feshi, shi take tonowa.

Kalli wurin da ya ɓare, shi zai gaya maka ciwon

Kafin a fara zargin kowa, ka ce a ɗauko maka hoton wurin kusa-kusa a turo ta WhatsApp. Abin da ke ƙarƙashin ɓawon shi ne shaida.

In fentin yana ɗagowa falle-falle kamar leda, ƙasansa kuma baƙar roba ce sumul, to ba a sa ruwan mannewa ba, ko ba a wanke robar ba. Sabuwar bamba tana zuwa da wani maiƙo na masana'anta wanda ke hana ta manne wa mazubin da aka zuba ta. In ba a wanke shi tas ba, shi zai hana fenti kamawa. Wannan laifin mai feshi ne ɗari bisa ɗari.

In wata kala ce daban ta leƙo daga ƙasa, misali motar fara ce amma ga ja yana ƙyalli, to bambar wata motar ce aka fesa a kan tsohon fentinta ba a goge shi ba.

In kalar tana nan amma ta dushe, saman ne kawai ke tashi fari-fari kamar fatar da ta sha hunturu, kiliya ce ta mutu. Wannan yana faruwa har da fentin kamfani in mota ta tsufa a rana, kuma yana saurin zuwa in an yi ƙwauron kiliya ko an cika mata tina.

In tsagewa ce kamar saƙar gizo-gizo, bugu ne. Robar ta lotsa ta dawo, fentin bai iya dawowa ba. In kuma gutsure mai kauri ne ke faɗowa, foti ne irin na ƙarfe aka lafta wa roba.

Akwai gwaji mai sauƙi: a manna salatif mai ƙarfi a gefen wurin da ya ɓare, a danna, a fizge. In ya taho da fenti, to sauran bambar ma tafiya za ta yi, faci ba zai yi amfani ba. In bai ɗauko komai ba, ciwon bai yaɗu ba.

Wani abu kuma da ya kamata masu farar Toyota su sani: in ɓarewar a rufin mota ne ko bonet ko ƙofa, ba lallai ne an taɓa fesa ta ba. Kamfanin Toyota da kansa ya amince a Amurka cewa farin fentinsa mai lamba 040 da mai lamba 070 yana ɓarewa daga jikin ƙarfe a wasu Camry da Corolla da RAV4 da Avalon da aka ƙera daga 2008 zuwa sama, har ya fito da shirin gyara wa masu su a can. Shirin na sassan ƙarfe ne, bai haɗa da bamba ba. Amma sanin haka kaɗai ya isa ya wanke wani bawan Allah daga zargin ya sayo mota mai haɗari.

Yadda gyara na gaskiya yake

Ba sai ka iya riƙe bindigar fenti ba. Abin da ake so ka san matakan, don in mai fenti ya tsallake ɗaya ka gane.

Da farko a kwance bambar daga jikin mota. Wanda ya ce zai lulluɓe fitila da jarida ya fesa a tsaye, gefe-gefen ba za su samu fenti da kyau ba, kuma daga gefe ɓarewa ke farawa.

A wanke ta ciki da waje da ruwa da sabulu, sannan a goge da ruwan goge roba. Ban da fetur, ban da tina mai zafi, ban da maganin cire fenti na ƙarfe, domin roba tana shan su, daga baya ta riƙa fitar da su a ƙarƙashin sabon fenti.

A goge duk fentin da ya saki har sai an kai inda yake riƙe gam. Ana farawa da sanfefa mai ɗan kaushi kamar lamba 180, a koma 320, a ƙare da mai laushi, har gefen tsohon fentin ya kwanta, hannu ya bi bai ji tudu ba. Injin gurza ƙarfe ba na nan ba ne, zafinsa narkar da robar yake yi. In gwajin salatif ya nuna duk fentin a sake yake, sai a kankare gaba ɗaya.

In akwai tsaga, a yi mata walda ta baya da roba irin tata, a ƙarfafa da 'yar ragar waya. Rami kuma a cike shi da foti na roba mai lanƙwasa, shafi kaɗan.

Daga nan sai matakin da aka fi tsallakewa: ruwan mannewa, wanda masu fenti ke kira faraimar roba. Feshi ne siriri a duk inda baƙar roba ta fito. Ka ce a nuna maka gwangwanin da idonka. In mai fenti ya ce ai faraimar ƙarfe ma ta isa, ɗauki bambarka ka yi gaba.

Sai faraima, a bar ta ta bushe, a goge da lamba 600 ko 800. Sai kala hawa biyu ko uku, ana ba da 'yan mintoci tsakani. Sai kiliya hawa biyu, wadda aka haɗa da hadina daidai awon da aka rubuta a gwangwani. Akwai kuma wani ruwa da ake ɗigawa a faraima da kiliya don su riƙa lanƙwasa tare da roba. Kiliya kuwa a yi wa bambar duka. In aka tsaya da ita a tsakiya, bakin nan da aka tsaya shi rana za ta fara ɗagawa.

Maganar kala, kada a dogara da ido. Lambar fenti tana jikin 'yar takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. A Toyota za ka ga C/TR, lambobi ukun da ke biye su ne kalar. Duk da haka a fesa a wani gutsure a kara da jikin motar a rana, don tsohon fenti ya riga ya ɗan koɗe.

A ina za a yi, kuma yaushe?

In a Maiduguri ne, abokan gaba biyu ne, ƙura da zafi. Fenti ya fi son yanayi mai sauƙi, wajen digiri 20 zuwa 25. Da tsakar ranar bazara feshin yana bushewa tun a iska kafin ya sauka, sai ya fito da kaushi, bai kuma kama ba. Gara a yi da sassafe, a cikin rumfa rufaffiya, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a yi amfani da tina mai jinkirin bushewa. Ranar da hazo ya sauko, a haƙura.

In a nan Kudu ne, laima ce matsalar. Kada a fesa ana ruwa ko an ɗauke yanzu-yanzu, kuma a tabbata an zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfuresa. Garejin da ke da ɗakin gasa fenti ya fi tsada, amma ga motar da za ta Borno kuɗin bai tafi a banza ba. Araha ba ta ado.

Akwai hanya ta uku da mutane ke mantawa: a nemi bambar Beljiyam mai kala ɗaya da motar, wadda fentin kamfani ke jikinta. Ana samu a Ladipo a Legas, da Agodi Gate a Badun, da Mgbuka Obosi kusa da Anacha, da Ikoku a Fatakwal. Ta wajen gida kuma akwai Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Wani lokaci kuɗinta da na ɗora ta a motar haya zuwa Maiduguri ba ya nisa da na feshi mai kyau, kuma fentin kamfani ya fi jure rana. A tafi da lambar kala da shekarar motar, a duba kunnuwan da ake ɗaure ta ko sun karye, a kuma tabbata ita ma ba fesa ta aka yi ba.

Bayan an gama

Sabon fenti yana bushewa a hannu cikin yini, amma yana ɗaukar makonni kafin ya ƙage. A wata na farko kada a sa masa folish, kada a lulluɓe shi da tamfol, kada a kai shi wurin masu wanki da injin feshin ruwa. Ko bayan nan, a gaya wa mai wanki ya ja bakin injin baya daga gefen bamba.

Yaron gida mai goge mota da safe, a koya masa ya fara watsa ruwa ƙura ta sauka kafin tsumma ya taɓa jiki. Omo da sabulun wanke-wanke suna cinye kariyar da ke kan kiliya, gara sabulun mota. A nemi inuwa. Maiduguri Allah ya hore mata darbejiya, sai dai kashin tsuntsu yana ƙona fenti in ya bushe a rana, a wanke shi da wuri. Ƙaramin ƙwarzane kuma a ɗiga masa fenti tun bai buɗe baki ba.

Ga 'yan'uwanmu masu sana'ar, da iyayen da suka kai yara koyo a gareji: hadinar da ake zubawa a kiliya tana da sinadarin da ke jawo ciwon asma, kuma in ya kama mutum ba lallai ya sake shi ba. Ƙyalle ko takunkumin asibiti ba sa tare shi. A nemi abin rufe hanci na masu fenti mai matata, a yi aiki inda iska ke fita, kada a bar yara suna tsaye cikin hayaƙin feshi.

Kafin ka biya kuɗin mota a Kudu

Wannan ya fi shafar mu. Maganaɗisun da ake karawa a jikin mota don gano foti ba ya aiki a bamba, tunda roba ce. Ido da hannu za ka sa. Duba mota da rana, a bushe, ba wadda aka watsa wa ruwa yanzu ba. Tsuguna ka leƙa ƙasan bamba da cikin madigadi, ka ga ko akwai burbushin feshi a kan baƙar roba ko gefen fitila. Bi bakin bambar da yatsa: na kamfani sumul yake, na gareji yakan yi kaushi ko ya bar layin salatif. Ɗan bambancin kala tsakanin bamba da jiki kaɗai ba hujja ba ne, ana samunsa har a sabuwar mota.

Motocin Amurka da yawa suna da 'yar takarda mai lambar shasi manne a manyan sassansu, har da bamba. In ta bambar ta yi daidai da ta motar, ta asali ce. Lambar shasin nan mai haruffa da lambobi 17, ka sa ta a intanet, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin a gyara.

In ka gano an canza bamba, ba shi ke nan motar ta lalace ba. Mota mai lafiyayyen inji da shasi ba a ƙin ta don bamba. Sai dai ka nemi ragi a kan haka, ka kuma kira mai kuɗin tun kana wurin: "Yaya, motar lafiya lau, amma an fesa bambar gaba, mai yiwuwa ta buƙaci sabon fenti in ta sha ranar gida. A saya ko a bari?" Ka tura masa hotuna, ya yanke da bakinsa. Kiran minti biyu ne, amma shi zai sa in fentin ya ɓare a watan Afrilu, mai fenti za a nema, ba kai ba.

Allah ya tsare hanya, ya bar zumunci.